Gurnanin Amfilifayar Baba Eric

Ƙarfe sha ɗaya na safiyar Lahadi aka kira ofishin 'yan sanda na Samaru, aka ce a zo da sauri, za a kashe mutum a ƙofar majami'a.

Sufeto Tabitha Dogara ta isa tare da Kofur Ibukun, ta tarar matasa sun yi wa wani dattijo zobe, rigarsa a yage, bakinsa na jini. Kefas ne, ɗan majami'ar, mai shagon gyaran rediyo a Sabon Gari. Waɗanda suka gama rera waƙar gafara ɗazu-ɗazu, su ne suka fi kowa ɗaga murya a kan a ƙara masa.

Sufeto ta sa aka tura shi mota, don a ranar babu inda ya fi masa aminci kamar hannun hukuma. Sannan ta shiga ciki.

Ƙaurin waya ya cika ɗakin sujada. Kusa da bagade wata tsohuwar amfilifaya ce, na'urar ƙara wa jita sauti, a kife, bayanta ya yi baƙi. Wata mata doguwa cikin rigar mawaƙa ta matso. Malama Elizabeth Bawa ce, shugabar mawaƙa.

"Me ya faru, Malama?"

"Muna waƙa ta uku, ranki ya daɗe, sai hayaƙi. Baba Eric mai jita ya kai hannu zai zare waya, hannun ya ƙone. Da aka leƙa bayanta, bawul ɗin da ke ciki ba nata ba ne."

"Mene ne bawul?"

Malama ta nuna wasu kwalaben gilashi guda biyu, kowanne tsawon yatsa da rabi, a tsaye kamar ƙwan fitila.

"Wa ya taɓa ta?"

"Kefas. Ran Alhamis ya dawo da ita daga gyara. Tun jiya wajen gwajin waƙa na ji muryarta ta canja."

Sufeto ta rubuta. Amsar ta zo a shirye, kamar an kwana ana goge ta, ita kuwa irin wannan amsa ba ta cika kwanta mata ba.

Ta sami Baba Eric a wani ƙaramin asibiti a hanyar Bomo, hannunsa na dama a naɗe. Tsoho ne da ya yi tashe da jita a otal-otal na Sabon Gari kafin ya tuba ya kawo kayan kiɗansa majami'a.

"Baba, jiya muryar amfilifayarka ta canja?"

"Wa ya ce? 'Yata, shekara arba'in ina jin muryar nan. Tana da wani gurnani a ƙasa-ƙasa, kamar na tsohon da ya tashi daga barci. Jiya yana nan. Yau da safe na buga, na ji ta wayam, kamar an yi mata wanka."

"Malama Elizabeth ta ce tun jiya."

"To kunnena ko nata, ɗaya ya yi ƙarya."

"Za a ce abokinka Kefas kake karewa."

Tsohon ya juya fuska bango. "Shekara talatin Kefas na riƙe da gyaran amfilifayar nan. Da sata zai yi, da bai jira sai ya yi furfura ba."

Maganar aboki ba hujja ba ce. DPO ya riga ya ce ran Talata a kai Kefas kotu, don dattawan majami'a sun matsa.

Da yamma ta sa aka fito da Kefas, ta ajiye masa bawul ɗin biyu a tebur. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo.

"Ranki ya daɗe, wannan sabo ne ful."

"Sai me?"

"Na Baba Eric sun tsufa, sun gaji. Gajiyar ce ma ke ba shi gurnanin da yake so, shi ya sa ya hana ni canja su. In na kai su kasuwa ba mai kallonsu. Waɗannan sun fi su tsada nesa ba kusa ba. Wane ɓarawo ne zai ɗauke tsoho ya bar sabo?"

Sufeto ta ajiye biro.

"To in sababbi ne, me ya kawo wuta?"

"Saiti. Bawul ba ƙwan fitila ba ne da za ka zare ka sa. In ka canja shi, akwai wani ɗan noti a ciki da za ka juya, kana auna wutar da yake ja. In ba ka yi ba, ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, cikinsa ya yi ja, ya ƙone taransifoma. Wanda ya yi wannan ya iya cirewa da sawa, bai san saiti ba." Ya ajiye bawul ɗin. "Sunana kaɗai nake da shi a Sabon Gari, ranki ya daɗe. In aka karanta shi a kotu da kalmar ɓarawo, na gama."

Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta nuna ba. Ta tambaye shi inda ake samun irinsu.

"A Zariya? Sai dai Madam Nonye ta yi maka oda daga Legas."

Litinin da safe suka shiga Sabon Gari. Shagon Madam Nonye cike yake da lasifika da wayoyi har rufi. Da ta ga kaki, sai mantuwa ta same ta nan take.

"Bawul? Ni ban sayar da bawul ba wannan shekara."

Kofur Ibukun ya sunkuya ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburin shagon. Hoton da ke jiki irin na bawul ɗin ne sak.

"Wanda ya yi oda ya ce in yar da kwalin," in ji Madam. "Abeg, ofisa, ni kaya na sayar, ban ƙona coci ba."

"Wane ne?"

"Mace ce. Ba ta ba ni suna ba. Ta nuna mini hoton bayan amfilifaya a waya, ta ce ta karanta a intanet wai bawul ne ke canja murya. Ta ce tana son wanda zai cire gurnani, ya ba da murya mai tsabta."

"Kin faɗa mata sai an yi saiti?"

"Na ce ta kai wa Kefas ya sa mata. Ta ce a'a, ba ta son ya sani."

"Yaya take?"

"Doguwa. Tana jira tana buga yatsa a kan tebur, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kamar mai ba yara umarni."

A hanyar komawa, suna wuce Kwangila, wata tambaya ta faɗo wa Sufeto. Ta kira ofis ta ce a tambayi Kefas minti nawa bawul ke yi kafin ya huce. Amsa ta dawo: in an yi awa biyu ana kiɗa, ko bayan kwatan awa da kashewa ba ka kama shi da hannu.

Mai gadin majami'a ya ce ran Asabar an tashi gwaji ƙarfe biyar, shi kuma biyar da minti goma ya kulle, don yana da ɗaurin aure a Muchia. Wadda ta fita ƙarshe Malama ce, ta tsaya gyara rigunan mawaƙa. Minti goma kacal: duk wanda ya cire bawul ɗin, da zafinsu ya cire, sai dai ya kama da wani abu.

Sufeto ta shiga ɗakin riguna. Shuɗɗan riguna ashirin da biyu a rataye. Ta ƙarshe tana da ƙugiya biyu, ɗaya babu komai.

"Me ake ratayewa a nan?"

"Farin ƙyallen da shugaba ke yafawa a wuya," in ji mai gadi. Ya ɗan yi tunani. "Jiya ma ban ga ta yafa ba."

Ƙarfe huɗu aka tara su a ofishin fasto: Malama Elizabeth, fasto, da Kefas wanda Kofur ya kawo.

"Malama, ina farin ƙyallenki?"

"Yana wanki."

"Wajen wa?"

"A gida."

"To mu je mu gani. Madam Nonye ma tana mota, tana son gaishe ki."

Babu wata Madam Nonye a mota. Amma Malama ta zauna a kujera. Can ta buɗe jakarta, ta fito da wani ƙunshi ta ajiye. Farin ƙyallen ne, ya narke wuri biyu ya manne a jikin tsofaffin bawul.

"Sun yi zafi," ta ce a hankali. "Shi ne abin da hannuna ya kai."

"Me ya sa, Malama?" in ji fasto.

"Ina 'yar shekara tara uwata ke aikena otal in kira babana. Tun daga bakin titi nake jin gurnanin jitar nan. In shiga in same shi a ƙasa, ana yi masa dariya, ana kiɗa. A can ya ƙare. Yanzu duk Lahadi in tsaya gaban Ubangiji in ɗaga hannu, muryar nan tana bayana. Sau uku na roƙi Baba Eric ya canja, ya yi dariya ya ce muryarta ke nan. Ni ba wuta na nufa ba. Murya kawai na so in wanke."

Fasto ya sunkuyar da kai. Sufeto ba ta sunkuyar ba.

"Wutar kuskure ce, na yarda. Sunan Kefas fa? Shi ma kuskure ne?"

Malama ta kau da kai daga wajen Kefas.

"Da kin zo shagona, Malama," in ji Kefas, "da na lallashi Eric, da na yi miki saitin kyauta. Ni ne fa ke gyara rediyon babanki har ya rasu."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Kofur Ibukun ya buɗe ƙofa, ta tashi ta bi shi zuwa mota, ba ta dubi kowa ba.

Washegari Sufeto da kanta ta kai Kefas Sabon Gari, a kujerar gaba, don layin ya gani. Mutum huɗu suka tarar a ƙofar shagon. Ba gaisuwa ta kawo su ba, sun zo karɓar kayansu ne ko an gyara ko ba a gyara ba.

Sufeto ta tsaya ta faɗa da ƙarfi cewa an kama mai laifi, Kefas bai ɗauki komai ba. Suka ce madalla, Allah ya kiyaye gaba. Uku suka karɓi kayansu duk da haka suka tafi.

Ta huɗun, wata tsohuwa, ta riga ta rungumi rediyonta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kumburarren leɓen Kefas. Sai ta dawo ta ajiye rediyon a kan benci.

"Yaushe zan dawo?"

"Jibi, Mama," in ji Kefas.

Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗauki sukundireba. Ya fara kwance notin bayan rediyon.