Baƙin Kaskon Kaka

Tun da gari ya waye Mai Gahawa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share falo ta sake sharewa, ta canza wa 'yarta Ummi riga ta sake canzawa, har yarinyar ta tambaya ko gwamna ne zai zo. Ina gwamna? Wadda ta fi shi ce: Hajiya, mahaifiyar Dokta, za ta zo ganin matar da ɗanta ya nace sai ya aura.

Ummi na goye mijin Mai Gahawa ya rasu, bai bar mata komai ba sai gidan nan mai ɗaki a bakin titi. Ɗakin ta mayar shagon shayi da gahawa. Jarinta na gaskiya kuwa kaskon ƙarfe ne da ta gada wurin kakarta, baƙi ƙirin, wanda take soya 'ya'yan gahawa a ciki kafin ta daka su da citta da kanumfari. Kaka ta ja mata kunne tun tana yarinya cewa ba a nuna wa kaskon sabulu, ba a kankare shi, busasshen tsumma kawai ya sani. Maiƙon shekara da shekaru da ya daskare a jikinsa shi ke ba da ɗanɗanon da ke sa mutane su tsallake shaguna masu inji su zo su zauna a bencinta.

Dokta likitan haƙori ne, asibitinsa na tsallaken titi. Ranar farko ƙorafi ya kawo, wai gahawarta ce ke rina haƙoran unguwa. Ya sha finjali ɗaya don ya kafa hujja, daga nan bai sake fashi ba. Ta so shi, so na wadda ta ɗauka ta gama da wannan babin.

Hajiya ta iso cikin farin mayafi, ta ƙi shan komai, ta ce a zaga da ita shago. A gaban kaskon ta tsaya. Ta shafa yatsa, ta ɗaga wa ɗanta ya gani, ta goge a hankici, ta ce wa Mai Gahawa sannu da ƙoƙari, ta fita.

Da yamma Dokta ya dawo da saƙo yana sosa ƙeya. Hajiya ta ce bazawara mai 'ya dai ta haɗiye da ƙyar, amma ƙazama ba za ta shiga zuriyarta ba. Ko a rufe shagon ko a fasa auren. Mai Gahawa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce masa baƙin nan ba datti ba ne, kuma shagon da ya ciyar da Ummi ba zai rufu ba. Dokta ya yi murmushi. Ai duk wanda ya hau kujerarsa haka yake faɗa game da haƙoransa. Ya ce ta bar masa komai.

Da ta san me zai yi da ba ta bar masa ko makulli ba. Ranar da ta je taron iyaye a makarantar su Ummi, ta dawo ta tarar da shi sanye da safar hannu, ga soson ƙarfe, ga sabulu, ga har burushin asibiti. Kaskon Kaka na jingine da bango yana ƙyalli kamar madubi.

“Kin gani?” in ji shi, baki har kunne. “Yanzu Hajiya ba ta da ta cewa.”

Mai Gahawa ta matsa kusa da kaskon. Ta durƙusa ta shafa ƙarfen, babu komai, sanyi kawai.

“Dokta, hannun kakata ka wanke. Abin da zan bar wa Ummi ke nan.” Hawaye suka zubo mata. “Yau kasko ne bai yi wa Hajiya ba. Gobe idan Ummi ce fa? Ita ma kankare ta za ka yi?”

Ya fara cewa sori, ta nuna masa ƙofa.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Gahawar ta riƙa ƙarnin ƙarfe, tsatsa ta fara leƙowa a gefen kaskon, kwastomomi suna barin rabin finjali su tashi da sallamar kunya. Ta ƙara citta, ta rage wuta, ta canza gawayi, duk a banza. Takan tashi ta zauna, ta leƙa titi ta ja tsaki, ita kanta ba ta san ko haushinsa take ji ko kewarsa ba. Gaskiya duka biyun ne.

Wata safiya ta buɗe shago ta gan shi tsugune a bakin ƙofa, ba farar rigar asibiti. Bai roƙi komai ba, tambaya kawai ya yi: yaya ake mayar da baƙin? Ta ce ba a sayensa a kasuwa, sai wuta da juyi da haƙuri, kuma ba aikin wata guda ba ne. Ya miƙa hannu ta ba shi cokalin katako, don dai ta ga iyakar gudun ruwansa.

To, bai gudu ba. Kullum kafin ya buɗe asibiti sai ya soya kasko guda, ya ƙona rabi, ya ƙone yatsa, Ummi na yi masa dariya. A hankali ƙarfen ya yi ja, ya soma duhu, masu barin rabin finjali suka fara shanyewa. Ba ta ce ta yafe ba, amma ta daina ɓoye masa tsumman goge hannu.

Labari ya kai wa Hajiya cewa ɗanta likita na fifita gawayi a bakin titi. Ta zo a fusace, ta same shi cikin hayaƙi ido jawur, ta ce ya tashi su tafi. Mai Gahawa ta zuba masa ido, don ba ta taɓa jin ya musa wa uwarsa ba. Ya rusuna, amma bai saki cokalin ba.

“Hajiya, ki gafarce ni. Ni na ɓata, ni zan gyara. Abin da kika gani ran nan ba ƙazanta ba ce, guminta ne da na kakarta. Kuma haka nake son ta, da kaskonta, da shagonta, da 'yarta.”

'Ya'yan gahawa suka ci gaba da ƙara a cikin kaskon. Hajiya ta dubi tabon ƙuna a yatsun ɗanta, ta dubi matar da ke tsaye riƙe da hannun yarinyarta ba ta sunkuyar da kai ba. Sai ƙauri ya tashi. Hajiya kuwa mace ce da za ta iya jure komai ban da ganin abu na ƙonewa a kan wuta.

“Kai, ba ni nan! Wa ya ce maka haka ake juyi? An bar kasko a hannun mai cire haƙori.”

Ta fizge cokalin ta shiga juyawa daga gefe zuwa tsakiya, toka na sauka a kan farin mayafinta ba ta ko kula ba. Can ta waiwayi Ummi.

“Ke 'yar nan, tsayawa za ki yi kina kallo? Ɗauko wa kakarki kujera.”

Mai Gahawa ta juya baya don kada a ga hawayenta, ta ɗora buta. An ɗaura aure bayan kaskon ya ƙara duhu, shagon kuma bai taɓa rufuwa ba. Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba, ga kuma darasi ga masu neman aure: wanda ke son ka da gaske ba ya kankare abin da rayuwa ta bari a jikinka don ya burge danginsa, zama yake kusa da wutar ya taya ka juyi.