Hanyar Makauniya

Ranar da aka gama rufa kwanon rumfar, Usta Sabri, babban kafinta, ya zauna a ƙofar gida da magariba yana shan shayi, yana kallon aikinsa kamar wanda aka yi wa haihuwa. A garinsu Dumyat kowa kafinta ne, ko ɗan kafinta, ko mai zagin kafinta don bai gama masa gado ba. Shi kuwa sai da furfura ta fito masa yana yi wa wasu aiki kafin ya sami tasa rumfar. Rumfar ta tashi daga gindin tsohon ɓauren gidan ta dangana da bakin korama, domin dogon katako dogon wuri yake so. A tsakiyarta ya gicciye teburin aikin mahaifinsa daga bango zuwa bango, tun kafin a ta da ginin, don babu ƙofar da zai shiga ta cikinta.

Tun ana haƙa harsashi matarsa Nagat ta yi magana, tana kiransa da sunan 'yarsu kamar kullum.

"Abu Basma, surukata ta ce ko kwando kada a ajiye a kan 'yar hanyar nan ta ɓaure."

"Ta kuma ce kada a yi fito da dare. Ga ni nan da raina."

Yana cikin shan shayin dutse ya sauka a kan kwano. Wani ya biyo shi. Ya leƙa bai ga yaro ko ɗaya ba. Can cikin rumfar da ya kulle da hannunsa, sai ya ji ƙarar abu ya yi karo da katako, sannan nishin tsohuwa.

A daidai lokacin 'yarsu Basma ta ajiye gurasar da ke hannunta ta miƙe. Ta nufi gindin ɓaure, ta miƙa hannun dama gefe, ta fara tafiya a hankali kamar mai jan makaho. Ta zagaya rumfar, ta tsaya a bakin korama. Da uwar ta kamo ta, ba ta san abin da ya kai ta ba.

Haka ya zama kullum magariba, har ta fara shiga cikin koramar. Da fari ruwan a idon sawu yake tsaya mata, daga baya ya kai gwiwa. Suka kulle ta a ɗaki, ƙofar ta buɗe da kanta. Sabri ya riƙe ta da ƙarfinsa na mai ɗaukar katako, ta yar da shi kamar tsumma. Asibiti suka ce lafiyarta lau. Nagat ta daina girki, ta daina barci, ta daina ma ce masa ai na gaya maka, kuma wannan shirun ya fi zagi cin ransa. Ranar da ruwan ya kai wa yarinyar ƙirji, ya tabbata gobe ko jibi gawa zai ciro, sai ya tafi da rigarsa a jiƙe ya durƙusa gaban Shehu Abdul'aɗi.

Shehun ya zo washegari bayan la'asar, tsoho ne mai tari. Ya sa aka zaunar da Basma a gindin ɓaure, ya daɗe yana karatu. Sai wuyanta ya sake, muryar namiji ta fito daga bakinta. Ba ta fushi ba ce, ta gajiya ce.

"Malam, ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabcinsu. Mun riga kakan maigidan zama a nan."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Uwata makauniya ce, hanya ɗaya ta sani zuwa ruwa. Wancan ya toshe ta da katako da ƙarfe. Ƙwaurinta duk ciwo. Zagaye kuma ba ta sani ba, sai an ja ta, shi ne na ari hannun 'yarsa."

"Aro babu sallama?"

"Shi ya yi mana sallama da ya zuba siminti?"

Sabri ya sunkuyar da kai.

"To me ya kai ku tsakiyar ruwa?" in ji Shehu.

"Tsohuwa ta saba da ɗumin hannunta. Ba ta son saki. Yau da ita za ta wuce, ni ma na kasa hana ta. A rushe rumfar."

Shehu ya ce, "Rumfar ce tukunyar gidan nan. Ka ji tsoron Allah. Uwar taka faɗinta nawa ne?"

Muryar ta amsa a hankali, kamar mai aunawa.

"Kamu ɗaya ya ishe ta, ta rame. Amma a miƙe, daga ɓaure zuwa ruwa, babu ko ƙusa a kai. In ta gane hanyarta kafin rana ta faɗi, za ta saki."

Rana ta riga ta yi ja. Maƙwabta suka zo da guduma suka fasa bangon gaba da na baya, aka ja injin yanka gefe. Saura teburin. Marigayi mahaifin Sabri ne ya haɗa shi ba ƙusa ko ɗaya, haɗin da ba ya kwancewa, kuma a kansa ya koya wa Sabri riƙon zarto. Maza suka taru suka tura, bango ya hana shi motsi.

"Abu Basma," Nagat ta ce, "Basma ta miƙe."

Ya ɗauki zarton hannu. Katakon ya tsufa ya yi tauri, yana yanka yana kuka bai damu da masu kallo ba. Ya yanka nan, ya auna kamu ɗaya ya yanka can. Ladan na ta da murya tsakiyar teburin ta faɗi, suka janye ta.

Basma tana tsaye a gindin ɓaure, hannunta a miƙe. Sai hannun ya sauka a hankali. Ta dubi uwarta.

"Mama, kafaɗata ta gaji."

Ba wanda ya shiga rumfar sai da gari ya waye. A kan garin katakon da ya zuba, Sabri ya ga sawun sanda da 'yan ƙananan ƙafafu, sun bi ta tsakanin rabi biyun teburin. A bakin yankan kuma akwai alamar yatsu cikin ƙura, inda makauniya ta shafa ta gane hanya.

Ya tsaya yana kallo. Sannan ya ɗauko takardar goge katako ya fara goge bakin yankan, kada sartse ya soke ta.