Littafin da Akuyar Kaka Ta Ci

A shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka a Damagaram, Madam Maryam ta kawo wani littafi lakwal, wato makaranta. Guda ɗaya tak! Labarin matan da suka fara shiga tseren mota ne. Ga wata da hular kwano, ga wata tana canja taya da hannunta.

"Kowa kwana ɗaya," in ji Madam. "Yau Hadiza, gobe Zainaba, don jibi za su tashi zuwa Kano."

Zainaba ƙawar Hadiza ce. Gonarsu ta ƙone, babanta zai tafi da su neman abinci.

A gida Hadiza ta karanta littafin sau biyu. Kanta ya ɗau zafi. Ta huda gwangwanin sardin, ta sa masa tayoyin murfin kwalba, ya zama mota.

"Ke, ɗauke takardar nan daga tabarma," in ji Kaka. "Bana awaki har tsumma suke ci."

"Yanzu zan dawo, Kaka!"

Ina! Ta fita lungu tsere da yara, ta kuwa cinye su sau uku. Da ta dawo, sai ga akuyar Kaka tsaye kan tabarma, tana tauna hankali kwance. Bango kawai ya rage.

"Wayyo Allah, na shiga uku!"

Da safe ta miƙa wa Madam bangon, ta faɗi gaskiya.

"Akuya yunwa take ji," in ji Madam. "Wa ya ajiye mata?"

"Ni ce, Madam."

Zainaba ta ce a hankali, "Ko hoto ɗaya ban gani ba."

Wallahi da bulala aka yi wa Hadiza, da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka.

Madam ta ba ta sabon kaye, wato littafin rubutu. "Share hawayenki. Abin da kika tuna, ki rubuta, ki zana."

Wuni guda Hadiza ta yi tana aiki. Wasu sunayen matan tseren sun ɓace mata, abin ya ƙara ƙona mata rai.

Washegari ta kai wa Zainaba kayen a tasha. Zainaba ta buɗe, ta tuntsire da dariya.

"Wannan mota ce ko jaki?"

Ta rungume Hadiza, ta hau mota da kayen a ƙirjinta.

Madam ba ta sake samun irin littafin ba. Tun daga ranar Hadiza ta gane cewa abin aro amana ne, kuma akwai mai jiransa a bayanka.