Ƙyallen Bubu a Cikin Injin Fotokwafi

A shekarar da aka kawo injin fotokwafi laburaren makarantarmu, wata yarinya ta zo daga wani ƙaramin tsibiri na Lau. Kwana biyu ta yi a jirgin ruwa kafin ta iso Suva, babban birninmu. Ta sauka a gidan ƙanwar babanta, Nei Akosita, aka sa ta a ajinmu.

Ranar farko malamin aji ya miƙa mata littafi. Yarinyar ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta tafa sau uku kamar yadda ake yi a ƙauye. Aji ya fashe da dariya.

"Kai, 'yar tsibiri!" in ji Sakiusa, wani yaro mai bakin tsiya da ke zama a baya. "Littafi ne fa aka ba ki, ba kyautar sarki ba!"

Ni ma na yi dariyar, kuma har yau ina jin kunyar abin. Ladabi ta yi, mu kuwa muka mayar da ita abin wasa.

Daga ranar ta kulle bakinta. Ba ta tambayar kowa komai. In an tashi cin abinci, sai ta ɗauki rogonta da ɗan kifinta ta koma bayan laburare ta ci ita kaɗai. Abin da ya faru bayan nan, daga bakinta na ji shi daga baya.

Kewar gida ta dame ta ƙwarai, musamman kewar kakarta, Bubu. A cikin littafin lissafinta tana ɓoye da wani ɗan ƙyallen masi, wato tufar da ake yi da ɓawon itace, wanda bai fi faɗin takarda ba. Bubu ce ta buga ɓawon itacen da hannunta har ya yi laushi, sannan ta yi masa zane baƙi da ja. Shi ne na ƙarshe da ta yi, don idonta ya soma dushewa. In kewa ta yi wa yarinyar yawa, sai ta buɗe littafin ta shafa ƙyallen, ta sake rufewa.

Wata Litinin malami ya ba mu aiki.

"Kowa ya kawo hoton wani abu da ake yi da hannu a garinsu," ya ce. "Ku manna shi a takarda, ku yi bayani a ƙasa. Ba zan mayar muku da takardun ba, za a liƙa su a bango."

Yarinyar ta ji daɗi. Ai ita tana da abin nunawa. Amma ba za ta ba da ƙyallen Bubu a liƙa a bango ba. Sai ta tuna da injin laburare. Ana jefa masa santi ashirin, ya fito maka da kwafin takarda ɗaya.

Ta sha ganin 'yan manyan aji suna amfani da shi. Sukan ɗora takardunsu a wani faranti da ke samansa, injin ya ja su ciki ɗaya bayan ɗaya, ya tofo su ta gefe. Iyakar abin da ta gani ke nan.

Washegari Nei Akosita ta ba ta kuɗin. Da aka tashi hutun rana, ta shiga laburare. Madam Pillay mai kula da wurin tana zaune a teburinta tana buga wa sababbin littattafai hatimi. Tsakaninta da injin bai fi taku biyar ba.

Yarinyar ta dube ta. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta hango Sakiusa da abokansa a wani tebur. Ta haɗiye maganarta.

Ta jefa kuɗin. Ta shimfiɗa ƙyallen a kan farantin, ta danna koren maɓalli. Injin ya ja ƙyallen a hankali har ya ɓace. Sai ya yi wata ƙara kamar mai shaƙewa, ya tsaya cik. Wata jar fitila ta kama walƙiya.

Ta leƙa ta sama, ta leƙa ta gefe, ba ta ga ko bakin ƙyallen ba. Madam Pillay ta tashi ta shiga ɗakin ciki ɗauko wasu littattafai, ba ta lura ba. Yarinyar ta ɗauki jakarta ta fice da sauri.

Kafin a tashi makaranta, an liƙa wa injin takarda: YA LALACE. Ga shi jarrabawa ta matso, 'yan manyan aji suna son kwafin tsofaffin tambayoyi. Suka cika ƙofar laburare suna mita.

"Wane wawa ne ya shaƙe mana inji?"

"In na kama shi, sai ya kwafe mini littafin nan duka da hannu!"

Yarinyar ta wuce su kanta a ƙasa. Ta taga ta ji Madam Pillay tana waya.

"Ran Juma'a za ka zo? To, shi ke nan. Wani tarkace ne yaran nan suka cusa. Ka finciko shi kawai ka jefa a kwandon shara."

Kwana biyu yarinyar tana yawo da wannan magana a ranta. In ta yi shiru, za a yayyaga ƙyallen Bubu a zubar. In ta yi magana, duk makaranta za ta san 'yar tsibiri ce ta ɓata inji. Kuma ba ta da ko mutum ɗaya da za ta yi shawara da shi. A aji ta buɗe littafin lissafi, ta ga wurin babu komai, hawaye ya ɗiga a kan shafin.

Ran Alhamis da la'asar Nei Akosita tana kankare kwakwa a bakin ƙofa. Ta dubi kwanon yarinyar.

"Gwazar nan ta yi miki laifi ne? Tun ɗazu kike juya ta."

"Ba na jin yunwa, Nei."

"Ke da kike cinye na mutum biyu? Zo nan ki zauna. Me ya faru?"

Yarinyar ta fashe da kuka, ta faɗa mata komai. Nei Akosita ta ajiye kwakwar.

"Me ya hana ki tambayi Madam tun farko?"

"Za su yi mini dariya."

"To, su yi mana! Dariya ta taɓa fasa wa wani kai? Ni da na zo garin nan, sau uku ina shiga bas ɗin da ba nawa ba. Da ban yi tambaya ba, da har yanzu ina can ina zagaye."

Yarinyar ta ɗan yi murmushi. "Nei, ki raka ni gobe."

"A'a, 'yata. Hannunki ne ya sa, bakinki ne zai faɗa. Ki je da wuri, kafin mai gyara ya zo."

Ran Juma'a da safe ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na fake a laburare ina jiran ƙararrawa. Sai ga yarinyar ta shigo a jiƙe. Ta wuce kai tsaye gaban teburin Madam Pillay, ta zauna a ƙasa, ta sunkuyar da kai. Wannan karon ban yi dariya ba.

"Madam, ni ce na ɓata injin," ta ce. "Ki yafe mini."

Madam Pillay ta cire tabarau. "Ke? Me kika sa a ciki?"

"Masi ne, Madam. Na kakata."

"Masi! A farantin sama? Haba, yarinya! Ina nan zaune, me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Kunya na ji."

"Kunyarki ta hana ɗalibai ɗari aiki kwana uku. Kin kyauta?"

"Ban kyauta ba, Madam."

Madam ta ce, "Tashi ki zauna a kujera. Mako mai zuwa, kullum da hutun rana, za ki jera mini littattafai. Amma gara da kika zo yanzu. Da kin ƙara awa ɗaya, da ƙyallen nan ya tafi shara."

Mai gyara ya iso da akwatin kayan aikinsa. Madam ta yi masa bayani. Ya ce, "To, ba ja za a yi ba, sai an kwance." Ya cire murfin sama, ya sassauta wasu ƙananan tayoyi. Ya fi rabin awa yana lallaɓa ƙyallen da ɗan hantsaki. Yarinyar tana tsaye a gefe, ko ƙiftawa ba ta yi.

Daga ƙarshe ya fito da shi. Ya yamutse, kuma kusurwa ɗaya ta yage tsawon ɗan yatsa. Amma zanen Bubu yana nan.

"Zo ki gani," in ji Madam Pillay. Ta ɗaga murfin injin gaba ɗaya, sai ga gilashi a ƙasa. "Takarda kaɗai ake sawa a sama. Duk abu mai kauri ko mai daraja, a nan ake kifa shi. Ba ya shiga ko'ina."

Ta kifa ƙyallen, ta rufe, ta danna. Haske ya wuce, kwafin ya fito tsaf.

"Ashe murfin yana ɗaguwa!" na ce da ƙarfi. Wata da watanni ina wuce injin nan, ban sani ba. Madam ta harare ni.

"Unaisi, ke ma kin ga amfanin tambaya ko?"

Na matsa kusa da yarinyar na dubi ƙyallen. Ban taɓa ganin zane mai kyau haka ba.

"Yagewar nan za ta gyaru?" na tambaye ta.

Ta ɗago ta dube ni, ta ga ba tsokana nake yi ba. "Za ta gyaru," ta ce. "Da dafaffen rogo ake liƙewa."

"Ki koya mini mana. Kuma ki yi haƙuri da dariyar da na yi miki ran nan."

Ran Asabar na je gidan Nei Akosita. Muka dafa rogo sama-sama, muka goga a bakin yagewar, muka danne da kwalba. Hannuna duk ya yi danƙo, ita kuwa tana ta yi mini dariya.

Muna gamawa Nei ta kira tsibiri a waya, aka kai wa Bubu wayar. Yarinyar ta faɗa mata duk abin da ya faru, ba ta rage komai ba.

"Wa ya taya ki liƙewa?" in ji Bubu. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Ƙawata ce, Bubu. Ga ta nan."

"Ƙawa kika yi? Kai, madalla! Wannan ya fi mini ƙyalle goma daɗi. Ba ni ita mu gaisa."

Yarinyar ta miƙo mini wayar tana share ido.

Abin da muka koya mu duka biyu shi ne: in ba ka san abu ba, ka tambaya, babu kunya a ciki. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun abin yana gyaruwa. Ni kuma na ƙara da nawa: kada ka yi wa baƙo dariya, domin dariyarka tana iya hana shi tambayar da za ta cece shi.