Ramuwar Tanmay a Filin Pune

Ƙwallon kurket ɗin da Tanmay Bhosale ya jefa ne ya tsallake raga ya kifar da kwanon abincin da wata budurwa ta riƙo.

"Kai makaho ne?" ta ce, tana kallon miyar wake a ƙasa. "Abincin babana ne fa!"

"Ki yi haƙuri. Ido ne ya ga abin da ya fi sandunan da nake jifa kyau."

Ta harare shi, amma murmushi ya ci amanarta. Mrunal ke nan, 'yar Sathe, kocin ƙungiyar kurket ɗin da ta ɗauki Tanmay a birnin Pune a wannan kakar. Kafin damina ta wuce, ita ce "Manu tawa", shi ne "Tanu".

Sai dai Vikrant Pethe, kyaftin ɗin ƙungiyar kuma gwanin bugun ƙwallo, ya daɗe yana sonta. Ya sami Sathe a gaban 'yan wasa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan da bakinsa ya ce 'yarka tsani ce, gurbi yake nema a ƙungiya."

Ran nan Sathe ya cire sunan Tanmay. "Ɗan mai tuyar burodi a bakin tasha! Je ka taya uwarka suya."

Abin da ya fi ƙona wa Tanmay rai saƙon Mrunal ne: "Ashe tsani nake? To ka sauka lafiya."

Ya tattara kayansa. Ya koma wata ƙaramar ƙungiya a bayan gari, yana jifa har yatsunsa suka tsage. Duk sandar da ya nufa, fuskar Vikrant yake gani.

"Ɗana, wannan zuciyar za ta cinye ka," in ji mahaifiyarsa, wadda yake kira Aai.

"Aai, sai ta cinye shi tukuna."

Shekara ta zagayo, ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe. Tanmay na ɗaura takalmi wayarsa ta yi ƙara. Mrunal ce.

"Tanu, jiya Vikrant ya yi suɓul da baka a gidanmu yana alfahari da sharrin da ya yi maka. Na ji, Baba ma ya ji. Na zalunce ka. Ko ba ka yafe min ba, ka rama mana. Kada ka taɓa jikinsa, sandunansa nake so."

Vikrant ya shigo fili don bugu yana taunar cingam. "A'a, mai burodi! Ka zo da yaji?"

Jifan farko ya wuce ta gefen kunnensa kamar harsashi, cingam ya tsaya. Na biyu ya sauka a gindin ƙafarsa, sandar tsakiya cikin ukun da yake karewa ta tashi sama tana wulwulawa. An fitar da Vikrant ke nan, ko maki ɗaya bai ci ba. Tanmay bai yi ihu ba, hanyar fita kawai ya nuna masa da yatsa.

Da yamma Sathe ya tako har bakin tasha, ya haɗa tafukansa a gaban Aai.

"'Yar'uwa, bakina ya yi ɓarna. Na zo roƙo."

Mrunal na bayansa, ido jawur. "Tanu, har yanzu fushi kake?"

"Sosai ma, Manu. Hukuncinki zama da ni har tsufa."

Bayan bikin Diwali aka ɗaura aure. Suka zagaya wuta, gefen mayafinta a ƙulle da nasa, dangi na watsa musu shinkafa. Aai ta dafa kawunansu tana hawaye.

"Ku tsufa tare, 'ya'yana. Bakin maƙiyi kada ya sake samun ƙofarku."