Ba Da Muryata Ba

"Ba zan yi ba, Hajiya."

Hajiya ta sake turo mata kwamfutar hannun.

"Kalma biyu ce fa, 'Yar Boko. 'Na fasa.' Ki faɗa a ciki, ya maimaita gaban kawunnansa, kowa ya kama gabansa."

'Yar Boko ta dubi Injiniya. Yana kan kekensa na guragu a bakin taga, hannun dama kwance kan cinya kamar ba nasa ba. Ana dab da aurensu ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙwace masa. Yana ji, yana ganewa, baki ne ya ƙi. Ita ta sa masa manhajar koyon magana, ta naɗi muryarta a ciki: hoton kofi ya fito, muryar ta ce "ruwa", shi kuma ya bi. Duk abin da na'urar ta faɗa bakinsa bi yake, ko da zuciyarsa ba ta so.

Hajiya ta lura da wannan.

"Shi ya ce ya fasa auren?" in ji 'Yar Boko.

"Ni na haife shi! Daga baiko sai ciwo... mai farar ƙafa! Ga 'yar ƙanina nan, ita za ta yi jinyarsa."

"Ta yi jinyar. Amma ba da muryata za a yi masa ƙarya ba."

Tas! Marin Hajiya ya sauka a kuncinta.

Injiniya ya zabura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Ru... ruwa! Ruwa!"

Wannan kalmar kaɗai ta zo masa. 'Yar ƙanin Hajiya ta tuntsire da dariya.

"Oh, masoyi ya fusata! A kawo kofi."

'Yar Boko ba ta yi kuka ba, ta gyara mayafi ta fita.

Ranar da kawunnan suka taru, an kira ta ta ji da kunnenta. 'Yar ƙanin ce ta naɗi muryar. Aka ɗora masa na'urar a cinya.

"Na fasa... Na fasa..."

Leɓensa ya fara motsi. 'Yar Boko ta runtse ido.

Na'urar ce kaɗai ke ta maimaitawa.

Da ta buɗe, ya datse leɓen da haƙori, jini na bin haɓarsa har kan riga.

"Ku kashe abin nan!" in ji babban kawu. "Wannan yaron bai fasa ba."

An ɗaura aure. Hajiya ta ce su ɗauke shi, kada ta sake ganin ƙafarsu.

A ɗakinsu, 'Yar Boko ta kunna kwamfutar.

"Haba abin ƙaunata, ni ce fa. Muryata ce..."

Ya ture na'urar da hannun hagu, ya juya ga bango. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kalmomin da suka sha wuya kafin su samu suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Ta sami mijinta. Shi ya rasa uwa, ita kuma har yau ba ta sake jin muryarsa ba.