Hudar Katangar Baya

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Zulkiflu a Tudun Wada. Na biyu ya biyo baya. Aka leƙa lungu, babu kowa. Kwana uku ana haka, a na huɗu 'yarsa Hanifa, 'yar shekara tara, ta ajiye cokali, ta kafe katangar baya da ido, ta daina amsa sunanta.

Zulkiflu injiniya ne a wani ƙaramin kamfanin intanet a Kwangila, kuma yana ji da aikinsa. Shi ke rubuta wa na'urori ƙa'idar da ke hana su sanar da sauran kamfanoni hanyoyin cikin gida. Duk wanda za a ƙulla layi da shi, sai ya tantance abin da zai gani da wanda ba zai gani ba. Sai ga gwanin namu a gidan gado ya huda katangar da kakansa ya yi wasiyya kada a taɓa, don ya zura wa maƙwabci wayar intanet. Mahaifiyarsa Hajo ta hana shi, ya yi mata dariya.

Bayan la'asar aka ɗauko Malam Jumare daga Gyallesu. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Mu 'yan gida ne, Malam. Tun zamanin kakan Zulkiflu hanyarmu daga rijiya zuwa gindin tsamiya take, ba ma fita, ba a shigo mana. Ya huda katanga, baƙi suka gano mu. Su ke jifan."

"To, ita yarinyar me ta yi muku?"

"Ita ta riƙe wayar."

Zulkiflu da bakinsa ya kira ta ranar, tana tsaka da wasa, ya damƙa mata bakin wayar.

"A toshe hudar, ku sake ta," in ji Malam.

"Da hannunsa. Kafin rana ta faɗi," in ji muryar.

Zulkiflu ya zare wayar, ya kwaɓa ƙasa, ya liƙe. Hajo na tsaye a bayansa tana kallonsa, shi kuwa ya gwammace ta zage shi.

Hanifa ta yi atishawa, ta buɗe ido. Ta dubi wayar a yashe a ƙasa, ta dubi lakar da ke hannun ubanta.

"Baba, don ban riƙe da kyau ba ne ka cire?"